Baƙin Yashin Kuza da Rokar Nukiliya

Wanda ya bar Kwanar Ɗangora ya miƙe kudu ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, zai iske duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin ke wanke kuza a rafi, su narka ta, fatake su saya. A cikin kuzar akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ke ba masu wanki wahala, don ruwa ba ya raba su. Kamfanonin kuza, musamman na Jos, sun daɗe suna ware shi suna zubarwa. Sunansa kwalambait, daga jikinsa ake fitar da ƙarfen niyobiyum, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kusa digiri 2,500.

A 1952 gwamnatin Amurka ta shiga tara shi don injinan jiragen yaƙi, ta ninka kuɗinsa. Nan take aka koma juji ana tono abin da aka zubar jiya, Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. A shekarun nan ne kuma masana duwatsu na Ingila suka duƙufa a kwarin Kaffo na Riruwai, inda suka sami dutsen da ya haɗa niyobiyum da yuraniyom wuri guda. Abin da ke ci mini rai shi ne, duk arzikin nan a buhu ya fita, ɗanye, tacewar kuwa a can waje.

Ana cikin haka, a 1955, masana a Los Alamos da ke Amurka suka fara wani aiki mai suna Rover: roka wadda ba ta ƙona mai. Za a tura ruwan haidurojin, mai sanyin digiri 253 ƙasa da sifili, ya ratsa cikin tukunyar nukiliya, ya fito da zafin da ya haura digiri 2,000, ya tunkuɗa jirgi. A lissafi, irin wannan roka ta ninka ta gargajiya wajen cin moriyar abin da ta ɗauka, shi ya sa aka sa mata ran kai mutum duniyar Mas.

Makamashin tukunyar sanduna ne na garafayit, dangin gawayi, da aka cakuɗa da ƙwayoyin yuraniyom. Kowace sanda tsawonta mita ɗaya da 'yan kai, kaurinta bai fi na babban yatsa ba, ga kusurwa shida, ga ƙananan ramuka 19 da suka ratsa ta daga kai zuwa gindi. Ta cikin ramukan haidurojin ke bi. To, a nan gizo ke saƙa: haidurojin mai zafi yana cin garafayit kamar yadda gara ke cin azara, ya kwashe shi ya fita da shi. Maganin da aka samo shi ne a shafe cikin kowane rami da siririn rufi na niyobiyum da aka haɗa da sinadarin gawayi, wanda ke jure zafin da ya fi digiri 3,000.

A hamadar Nebada, a wani fili da ake kira Jackass Flats, ake gwajin. A ɗora tukunyar a kan taragon jirgin ƙasa, bakinta na kallon sama, ma'aikata su ja da baya nesa. Ranar 30 ga Nuwamba, 1962, aka kunna wadda ake kira Kiwi-B4A. Ana ƙara mata wuta sai aka riƙa ganin walƙiya a cikin harshen iskar da ke fita. Sandunan ne ke kakkaryewa saboda girgiza, gutsattsarinsu na tashi sama. Kwana takwas bayan haka Shugaba Kennedy ya ziyarci wurin. Manyan aikin suka hana sake kunna wuta sai an gano dalili. Injiniyoyi suka yi ta tura iska cikin tukunya marar wuta har suka kama inda girgizar ke tasowa, kuma a 1964 wata tukunyar ta yi aiki lafiya lau.

Cin da haidurojin ke yi kuwa ya fi taurin kai. Rufin niyobiyum da garafayit ba sa buɗewa daidai in sun ji zafi, sai rufin ya tsattsage, iskar ta sami kafa. Aka ƙara masa wani rufin na molibdinam, daga baya aka koma ga zarkoniyom. Bayan kowane gwaji, da hannayen ƙarfe ake warware tukunyar ta bayan katanga mai kauri, a auna sandunan a ga nauyin da suka rasa. Da wannan haƙuri, a Disambar 1967 tukunyar NRX-A6 ta yi awa guda cur a cikakken ƙarfinta, a 1968 kuma Phoebus-2A ta haura megawat 4,000.

Ko ɗaya daga cikinsu ba ta tashi sama ba. An janye kuɗin tafiya Mas, aka rufe aikin a farkon 1973. A lokacin kasuwar kwalambait ɗinmu ta riga ta faɗi, don Barazil ta buɗe babbar mahaƙar Araxá mai arahar haƙa. Niyobiyum dai ya je wata ta wata hanyar, domin da shi aka ƙera bakin injin kumbon Apollo.