Zanen da ke Jikin Bindiga da Takobi: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

Duk shekara idan hawan Sallah ya gabato, 'yan bindigar fada a Maraɗi da Tibiri kan fito da kayansu su goge, a sake ɗaure ƙotar da tagulla, a gyara kuben takobi. Lokacin ne kuma hira kan yi zafi a rumfunan maƙera da majalisun shayi, kowa da abin da ya ji daga kakansa. Wasu maganganun suna da tushe, wasu kuwa shaci-faɗi ne da ya tsufa har aka fara ba shi girma.

Wanda ya fi yawo shi ne batun takubban gado masu tambarin jinjirin wata biyu ko wata dabba a jikin ruwan. Sau da yawa za ka ji an ce daga Makka aka zo da su, har wasu kan kai su zamanin Sahabbai. Gaskiyar ta fi wannan kusa. Da yawa daga cikin ruwan takubban da suka shigo ƙasar Hausa an ƙera su ne a Solingen ta ƙasar Jamus, fatake suka ratso Sahara da su. Heinrich Barth, wanda ya bi ta Tasawa da Gazawa a 1851 ya shiga Katsina da Kano, ya ƙiyasta cewa kusan 50,000 ke shiga Kano a shekara, a nan a yi musu ƙota da kube. A wannan tafiyar ce abokinsa Overweg ya ratse ya zo Maraɗi da Gobir. To, da maƙeranmu suka ga mai saye tambarin yake nema, sai su ma suka riƙa buga shi a kan nasu. Saboda haka jinjirin wata kaɗai ba ya nuna inda takobi ya fito. A ganina wannan bai rage wa takobin kaka daraja ba ko ƙwayar zarra. Wanda ya riƙe shi a zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore ba don tambari ya riƙe shi ba.

Haka batun azurfa. Akwai masu nuna riyalin Mariya Tereza da aka maƙala a kube ko a kayan doki, su ce ga shekara nan a rubuce, 1780, ashe kayan sun haura shekara 200. Shekarar gaskiya ce, lissafin ne kuskure. A 1780 sarauniyar ta rasu, kuma duk riyalin da aka ci gaba da bugawa bayanta wannan shekarar yake ɗauke da ita, har wanda aka buga jiya jiya. Abin da yake tabbas shi ne maƙeran fari, da maƙeran Buzaye masu zane da ɗan kurfi, sun daɗe suna narka shi su yi ado. Yau kuwa yawancin farin da ake gani a kasuwa sanholo ne ko wani gami mai ƙyalli. Fankan-fankan ba shi ne kilishi ba.

Sai maganar da ta fi haɗari, wadda ta rabu gida biyu. Wasu na cewa zane yana ƙara wa bindiga ƙarfi, musamman idan hatimi ne aka zana. Wasu na cewa kowane zane raunana ta yake yi. Ƙarfe bai san rubutu ba, kauri da ingancinsa kawai ya sani. Masu zanen ƙananan bindigogi a Turai da Amurka a fatar ƙarfen suke tsayawa, ba su zurfafawa, kuma suna kaffa-kaffa da wurin da albarushi ke tashi. Bindigar gargajiya kuwa, irin harba-ruga, sau da yawa bututunta siriri ne, ba a kuma gwada juriyarsa a masana'anta ba. Sassaƙa irin wannan bututu neman rasa yatsu ne. Shi ya sa tsofaffin maƙeran baƙi suke kai adon kan itacen ƙota, da ƙusoshin tagulla da jar fata da tuntaye, su bar bututun yadda yake. Ba rashin gwaninta ba ne, sanin ƙarfe ne.

Ita libarba, wato ƙaramar bindiga mai juya harsashi, ba ta cikin gadon yaƙinmu, ko da wani ya rantse. Samuel Colt ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka a 1836, shekarar da aka gwabza a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali ya faɗi, bayan haka Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tibiri. Mayaƙan wancan lokaci da kibiya da mashi da takobi da 'yan bindigogin ɗuri suka fita. Libarba ta zama abin gani a nan ne a ƙugun hafsoshin Faransa. Amma gaskiya ne cewa ita ce amaryar masu zane a Turai da Amurka: tana da shimfiɗaɗɗun gefuna inda furanni ke zama da kyau, kuma Colt da kansa ya riƙa kai wa sarakuna masu zanen zinariya, ciki har da Sarkin Rasha Nikolas na Ɗaya a 1854. Ba kowace ce ke karɓar zane ba. Wadda aka yi wa rufin ƙyalli sai an kankare, wadda ƙarfenta ya cika tauri tana cinye bakin kurfi, bayan an gama kuma dole a sake yi mata rini don tsatsa. Masu tara tsofaffin kaya ma ba su son a taɓa. Sabon zane a kan tsohuwar bindiga faɗar da kuɗinta yake yi.

Akwai kuma zancen da na fi jin tsoron a gaskata, wai bindigar da aka yi wa ado ta koma kayan kwalliya, babu ruwan hukuma da ita. Ƙarya ce tsagwaronta. A Nijar riƙe bindiga sai da izini, kuma tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ba su bisa ƙa'ida. Jandarman da ya tsayar da mutum a hanyar Jiratawa ko ta Madarunfa takarda zai tambaya, ba zai tsaya yaba furanni ba, balle a wannan zamani da 'yan fashin daji suka addabi ƙauyukan bakin iyaka. Mafi muni shi ne zanen ya hau kan lambar da masana'anta ta buga, domin da ita ake bin sawun makami. Maƙerin da ya shafe ta, ko da kyakkyawar niyya, ya saka kansa da mai bindigar a cikin magana guda.