Ko Ka Sani? Milimita Ɗaya Tana Hana Wuƙar Inji Cin Ƙarfe

A injin sassaƙar ƙarfe, irin wanda ake gani a rumfunan Panteka ta Kaduna, ƙarfen da ake aiki a kansa shi ne ke juyawa. Wuƙar kuwa a ɗaure take daram, sai dai a tura ta a hankali tana feƙe jikinsa. Yaron shago kan ɗauka kaifi shi ne komai. Maigidansa ya san akwai abin da ke gaba da kaifi: tsinin wuƙar dole ya tsaya daidai tsakiyar ƙarfen, kada ya hau, kada ya sauka.

Ba a wasa wuƙar nan a miƙe. Ana zaftare ƙasan bakinta da 'yan digiri, galibi ƙasa da 10, domin tsinin kaɗai ya taɓa aiki, sauran jikin ya kauce. To idan wuƙa ta hau sama da tsakiya, sai ƙarfen ya riƙa gogar ƙirjinta. Zafi ya tashi, ƙara ta cika shago, aikin ya fito da ƙyalli amma awo bai ragu ba. Idan kuma ta sauka, sai ta koma kankara maimakon yanka, siririn ƙarfe ma yakan hau kanta ya lanƙwashe ko ya karya ta.

Lissafin abin mamaki ne. A sandar da kaurinta ya kai milimita 100, kuskuren milimita 1 bai wuce karkatar digiri 1 da ɗoriya ba, wuƙa za ta haƙura. Amma a sanda mai milimita 10, wannan kuskuren ya haura digiri 11, ya cinye zaftarewar kaf. Shi ya sa wuƙar da ta yi aiki lafiya lau da safe kan ƙi ci da yamma, alhali ba a taɓa ta ba, aikin ne kawai ya sirance.

Yaya ake gane tsakiyar? Wasu kan kai tsinin wuƙar kusa da tsinin da ke tokare aiki ta baya, su daidaita su da ido. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta rula. A tsayar da inji, a matse siririyar rular ƙarfe tsakanin wuƙa da sandar, a hankali. In ta tsaya ƙyam, an dace. In kanta ya karkata ya bar ka, wuƙa ta yi sama. In ya rusuno wajenka, ta yi ƙasa. Sai a cusa ko a zare 'yan fallayen ƙarfe a ƙarƙashin wuƙar, sau da yawa guntayen tsohon zarto. Mai shaida ta ƙarshe ita ce fuskar ƙarfen: a share ta har tsakiya, in wata 'yar cibiya ta rage, da sauran gyara.

Akwai kuma tsawon da wuƙa ta leƙo daga maɗaurinta. In aka ninka shi biyu, lanƙwasarta a ƙarƙashin nauyi ɗaya takan ninka har sau 8, daga nan sai karkarwa da zane-zane a jikin aiki. Wuƙar yanka haƙoran noti ta fi kowace tsirfa, domin bakinta digiri 60 ne a awon milimita, 55 a tsohon awon Ingila da Joseph Whitworth ya tsara a 1841, kuma sai an miƙe ta da ma'auni don kada haƙoran su kwanta gefe guda.

A da, da hannu ake riƙe wuƙar, a jingina ta da wani ƙarfe. Injin da Henry Maudslay ya ƙera a Landan wajen shekarar 1800 na cikin waɗanda suka yaɗa ɗaure ta a mazauni mai tafiya da kansa. Shekara ɗari bayan haka, a bikin baje kolin Faris na 1900, aka nuna wuƙar da Frederick Taylor da Maunsel White suka inganta a Amurka tana ci gaba da yanka ko da bakinta ya yi ja don zafi. Injinan yau masu kwamfuta ma sai an auna musu kowace wuƙa, an shigar da tsawonta, kafin su fara aiki.