Rana Tana Nan, Amma Jinin Yaranmu Na Jami'a Bai Shaida Ba

Idan ka ce wa mutumin Aboabo ɗansa na fama da ƙarancin abin da rana ke bayarwa, dariya zai yi. A Kumasi? Inda zafin azahar ke korar mai talla zuwa inuwa? Sai dai a wani bincike da aka wallafa a 2021, masu bincike daga jami'ar KNUST, wadda muke kira Tech, sun auna jinin mutum 500 masu ba da gudummawar jini a sassan Ghana, suka tarar sama da kashi 40 cikin ɗari na da ƙarancin bitamin D. Waɗannan fa masu lafiya ne, ba majinyata ba.

Ɗalibin jami'a kuwa, duba yadda yininsa ke tafiya. Ya fito da sassafe ya shiga trotro, daga nan ɗakin lacca, daga nan laburare, da dare kuma ido a waya ko kwamfuta. Fatar jiki ce ke haɗa bitamin D idan hasken rana ya taɓa ta kai tsaye, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aikin. Baƙar fata ma ta fi farar fata buƙatar lokaci a rana kafin ta haɗa adadi ɗaya. Ga abinci: garin rogo jiƙaƙƙe, indomie, koko da ƙosai. Suna cika ciki, amma babu wani bitamin D na kirki a cikinsu.

Aikinsa shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam, kuma a shekarun samartaka har zuwa wajen talatin ne ƙashi ke tara ƙarfinsa. Alamominsa ba su da ƙara: kasala, ciwon baya da ƙugu, raunin cinyoyi. Nan take mu ce maleriya ce, a aika kemis. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa, kuma a asibiti irin Komfo Anokye ake tambayar likita ko ya dace a yi shi.

Iyaye, idan za ku haɗa wa yaro kayan makaranta, ku sa kifin gwangwani, ku ba shi kuɗin ƙwai da kifin nan mai maiƙo da 'yan kasuwa ke kira "salmon". 'Yan matanmu masu hijabi ba sai sun bar suturarsu ba. Zama a tsakar gida, hannu da ƙafa a buɗe, wasu kwanaki a mako, yana taimakawa. Haka ma uwar da ke wuni ƙarƙashin rufin Kejetia.

Ƙwayoyin kemis kuma a bi a hankali. Abin da ake so wa baligi kusan IU 600 ne a rana. Bitamin D yana taruwa a jiki, kuma idan ya yi yawa sosai yana iya haifar da tsakuwa a ƙoda.