Ɗauko Doguwar Magana da Ambaton Mai Ita a Rubutun Nazari

Abin da ya jawo wannan ɗan rubutu shi ne wani tsautsayi da ya auka wa wani abokin karatuna. Ya kai kundinsa wani shagon buga takardu a nan Tudun Wada, a ciki kuwa akwai wata doguwar magana, kusan layi goma, wadda ya ɗauko daga littafin wani masani. A rubutunsa na hannu ya ɗan tura ta ciki kaɗan, bai ƙara wata alama ba. Mai bugawa ya zo ya haɗe ta da sauran bayani, sunan masanin kuma ya faɗa can ƙarshen wani sakin layi dabam. Da kundi ya isa hannun malami, sai ya tarar da maganar da ya san mai ita sarai tana zaune kamar ta ɗalibi. Da ƙyar da jiɓin goshi aka wanke shi daga zargin satar fasaha. Shi dai bai yi nufin sata ba, amma malami abin da ke kan takarda yake karantawa.

Duk wanda ya ɗauko maganar wani, tambaya biyu ke kansa. Ta farko, ina maganar ta fara, ina kuma ta tsaya? Ta biyu, ta wane ne? Wasu daga cikinmu sun ɗauka wannan ɗabi'a ce ta Turawa wadda ta zo tare da boko. Ba haka ba ne. Wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure ya san kalmomin nan uku na Larabci: ƙala, intaha da ƙultu. Idan marubuci zai kawo maganar wani malami sai ya buɗe da ƙala, watau wane ya ce, ya ambaci littafin da ya faɗa a ciki. In maganar ta ƙare sai ya rubuta intaha, watau ta tuƙe nan, wani lokaci ma haruffa biyu kawai ake sawa a madadin kalmar. In kuwa zai sa bakinsa, sai ya ce ƙultu, watau ni kuma na ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi amfani da wannan hanya ƙwarai. Littafinsa Bayanu Wujubil Hijra, wanda ya kammala a 1806, cike yake da maganganun magabata, kuma ƙarfin hujjarsa ya dogara ne ga mai karatu ya gane cewa ba shi ya ƙaga su ba. Haka nan masu kwafar littattafan sharhi sukan rubuta matani da jar tawada, sharhi da baƙa, domin ido ya rarrabe su tun kafin a fara karatu. Ashe ke nan abin da muke yi da gefen takarda, su da launin tawada da kalma guda suka yi shi.

Da ɗab'in boko ya kafu a Zariya, tun daga Hukumar Talifi ta 1933, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fita a 1939, zuwa Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 kusa da nan Tudun Wada, sai Hausa ta gaji alamomin rubutu na Turai. Ƙa'idar da aka saba bi mai sauƙi ce. Gajeriyar magana, wadda ba ta wuce layi uku ba, akan bar ta cikin jimla a kewaye ta da alamar zance. Wadda ta fi haka tsawo sai a ware ta. A gabatar da ita da jimla mai ambaton sunan mai ita, a sa ruwa biyu, a tsallake layi, sa'an nan a tura ta ciki daga gefen hagu, a matse tsakanin layukanta fiye da na sauran rubutu. Ba a sa mata alamar zance, domin turawar da aka yi ita ce alamar. A ƙarshenta a kawo sunan marubuci da shekarar bugu da lambar shafi cikin baka biyu, a sake tsallake layi, a koma bakin gefe. Komawar nan ita ce intaha tamu, kuma ita ce mai bugawa ya share wa abokina. Saboda haka wanda zai ba wani aikinsa ya buga masa, ya ja layi a gefen maganar da jan biro, ya rubuta cewa a tura ta ciki, ya kuma duba da idonsa kafin a ɗinke kundi.

Abin da aka ɗauko amana ne, ba a taɓa shi a ɓoye. In an tsallake wasu kalmomi sai a sa ɗigo uku a gurbinsu. In an ƙara kalma domin ma'ana ta fito, a sa ta cikin baka mai kusurwa don a san ta mai nazari ce. Ko ƙa'idar rubutu ma haka. Wanda ya ɗauko labari daga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, zai tarar da rubutu irin na gabanin a daidaita ƙa'ida. Yana iya barinsa yadda yake, yana iya sabunta shi, amma in ya sabunta lalle ne ya faɗa.

Zuwa nan babu wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne tambaya ta biyu, domin a adabin Hausa ba kullum ne magana ke da ubangiji guda ba. Mu ɗauki waƙar nan Tabbat Haƙiƙa. Shehu Usmanu ne ya tsara ta da Fulatanci. 'Yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa wajen 1831, bayan rasuwarsa da shekara goma sha huɗu. Ɗansa Isa kuma ya yi mata tahamisi. Tahamisi kuwa shi ne a ɗauki baiti mai ɗango biyu a ɗora masa ɗango uku a bisa, ya zama biyar. To, ɗalibin da ya ware baiti guda na wannan waƙa ya rubuta sunan Shehu kaɗai a ƙarƙashinsa, me ya gaya wa mai karatu? Ɗango ukun farko na Isa ne. Biyun ƙarshe ma'anarsu ta Shehu ce, amma kalmomin Hausar da ƙafiyarsu aikin Asma'u ne. Idan nazarin na aƙida ne, watakila kuskuren bai yi muni sosai ba. Idan kuwa na salo ne, aka ce ga yadda Shehu ke zaɓen kalmomin Hausa, an gina bayani a kan iska, an kuma danne haƙƙin mutum biyu. A ganina abin da ya dace shi ne a ambaci dukkan ukun a farkon kawo waƙar, a kuma ƙara tura ɗango biyun asali ciki kaɗan, domin ido ya ga inda ɗinkin yake.

Waƙa dai ko wace iri ce ba a kwararo ta kamar zube. Kowane ɗango da layinsa, kowane baiti da tazara tsakaninsa da na biye. Kuma lambar shafi kaɗai ba ta wadatar ba. Imfiraji ta Aliyu Namangi, sha'irin nan na ƙasar Zazzau, an sha buga ta, kuma waƙoƙi ne da dama a ƙarƙashin suna guda. Wanda ya ce shafi kaza, ya taimaki mai bugu irin nasa ne kawai. Wanda ya ce waƙa ta kaza, baiti na kaza, ya taimaki kowa, har da mai riƙe da ita da ka. Marubutan waƙoƙinmu ma ba su yi sakaci da wannan ba, shi ya sa da yawansu kan saka sunansu a baitocin ƙarshe, wasu har da ramzin shekara. Mu ne masu yanko baiti daga tsakiya muke raba shi da wannan hatimi, don haka mayar da sunan ya zama wajibinmu.

Waƙar baka ta fi wannan rikici. Makaɗi ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan ƙara ɗa ko ya rage gwargwadon wurin da ya samu kansa da mutanen da ke gabansa. Saboda haka cewa an ɗauko daga waƙar wane ta kaza rabin bayani ne. Sai an faɗi wane rerawa: faifai ne, ko kaset, ko ɗaukar gidan rediyo, ko mai nazari ne ya ɗauka da kansa, a ina kuma, yaushe. Sa'an nan a cikin abin da aka ware a nuna inda jagora ya tsaya da inda 'yan amshi suka karɓa, musamman a waƙoƙin fada irin na Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, inda 'yan amshi ba maimaita gindi kaɗai suke yi ba, sukan ƙarasa maganar da jagora ya fara. A rubuta Jagora da 'Yan Amshi a gefen hagu, kamar yadda ake rubuta sunayen 'yan wasa a wasan kwaikwayo.

Akwai kuma wata ɓarna da muke yi da kyakkyawar niyya, watau gyara karin harshe. Waɗannan makaɗa biyu da Hausar yamma suka yi waƙa. Ɗalibi ya ji yat tahi, sai hannunsa ya rubuta ya tafi, yana ganin ya daidaita. Alhali gaɓar yat mai nauyi ce, ya kuwa a wannan gurbi mai sauƙi ce, ya canza awon layin ke nan, ya kuma sa wa makaɗi maganar da bai yi ba. Daidaitacciyar Hausa ta bayaninmu ce. Abin da ke cikin shingen da muka ware na mai shi ne, da hw ɗinsa da sh ɗinsa.

Fassara ma tana bukatar suna biyu. Da yawan littattafan da muke dogara da su da Ingilishi ko Larabci aka rubuta su, mu kuwa da Hausa muke rubutu. Wanda ya fassara magana da kansa ya ware ta, ya rubuta sunan marubucin kawai, ya sa mai karatu zaton cewa marubucin da Hausa ya yi magana. Sai a ƙara da cewa fassarar mai nazari ce, in da hali kuma a kawo asalin a ƙasan shafi, domin wanda ya ji harshen ya auna da kansa. Haka nan wanda bai ga littafi da idonsa ba, a cikin kundin wani ya tsinci maganar, kada ya ambaci littafin kamar ya buɗe shi. Ya ce wane ya faɗa, kamar yadda wane ya kawo a shafi kaza. Ta wannan kafa ce kuskure ke yawo daga kundi zuwa kundi: na farko ya tsallake kalma, na biyu ya kwafe shi, na uku ya kwafe na biyu, dukkansu kuwa suna nuni ga shafin da babu wanda ya duba a cikinsu sai na farkon.