Motar da ta shekara 73 a ƙarƙashin ruwa

Ranar 12 ga watan Yuli na shekarar 2009, jama'a mai yawa ta taru a bakin tabkin Majore, a garin Askona na ƙasar Suwis, kusa da iyakar Itali. Wani babban inji ya zura igiyoyinsa cikin ruwa, ya jawo wata tsohuwar mota, laka na zuba daga jikinta. Motar nan Bugatti ce, buɗaɗɗiya, irin wadda ba ta da rufin ƙarfe. An ƙera ta tun shekarar 1925, shekaru 14 kafin Yaƙin Duniya na Biyu.

Mai wannan suna, Ettore Bugatti, haifaffen birnin Milan ne. Ya kafa maƙerarsa a garin Molsheim na yankin Alzas a shekarar 1909. A 1921, wajen tseren birnin Brescia, ƙananan motocinsa ne suka zo na ɗaya, na biyu, na uku da na huɗu. Daga nan aka laƙaba wa wannan samfuri sunan Brescia. Ta cikin tabkin ita ce ake kira samfuri na 22, mai silinda 4.

Yaya aka yi mota mai daraja haka ta faɗa ruwa? Wani mutum ne ya shigo da ita Suwis daga Faransa, ya yi ta yawo da lambar Faransa, bai biya kuɗin duwan ba. Da ya bar garin, sai ya bar motar a ajiye. Ma'aikatan duwan suka zo neman hakkin gwamnati. A lokacin motar ta tsufa, kuɗin da ake bin ta kuwa sun fi abin da za ta yi a kasuwa, don haka ba wanda ya yarda ya biya. Doka ta ce idan ba a biya ba, a lalata kayan. Wajen shekarar 1936 aka tura ta cikin tabki, ɗaure da sarƙa, ko wata rana a fiddo ta. Sarƙar ta yi tsatsa ta tsinke, mota ta gangara har zurfin mita 53.

Shekara da shekaru mutanen Askona suna ba da labarin, matasa suna ɗaukarsa tatsuniya. Sai a 1967 wani gwanin nutso ya kai ƙasan tabkin, ya iske ta kwance a gefe ɗaya cikin laka. Tun daga nan masu nutso suka riƙa kai mata ziyara.

Abin da ya sa aka fiddo ta abin tausayi ne. A 2008 wasu suka doki wani saurayi, ɗan ƙungiyar masu nutso ta Askona, a birnin Lokarno, har ya rasu. Iyayensa da abokansa suka kafa gidauniyar yaƙi da tashin hankali tsakanin matasa. Ƴan ƙungiyar suka shawarta su fiddo motar su sayar, kuɗin su shiga gidauniyar.

Saura aikin gane asalinta, wanda ya fi na fiddowa wuya. Gefen da ruwa ke bugu ya zagwanye, gefen da laka ta rufe ne ya rage. Amma maƙeran Bugatti sun saba buga lamba a jikin ƙarfe. Masana suka karanta lambar shasi 2461 da lambar inji 879. Da suka bi tsofaffin rajistoci, suka gano an fara yi mata takardu a birnin Nansi na Faransa a 1925. Guntun lambar da ya rage a jikinta kuma ya nuna an sake yi mata rajista a Paris a 1930. Akwai labarin da ake yaɗawa cewa wani shahararren direban tsere ne ya faɗi ta a caca. Masu bincike dai sun fi riƙo da abin da lamba da rajista suka nuna, domin zancen baka ba ya zama shaida.

A watan Janairu na 2010, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da ita a Paris a kan yuro 260,500, wato kusan miliyan 171 na kuɗin sefa. Wani Ba'amurke mai tara tsofaffin motocin Faransa, Peter Mullin, shi ya saye ta. Bai yarda a gyara ta ba. Ya ajiye ta da tsatsarta a gidan tarihinsa na garin Oxnard a jihar Kaliforniya, inda jama'a suka riƙa kallonta har zuwa 2024, lokacin da aka rufe gidan bayan rasuwarsa.

Rashin takardar duwan ne ya jefa motar nan ruwa. Rajistar da wani ma'aikaci ya cika da kyau a 1925 kuwa, ita ta mayar mata da sunanta bayan shekaru fiye da 80.