Kunne yake fara karatu kafin ido

Iyaye da yawa suna mamaki. Yara biyu sun shiga lakkwal rana guda. Bayan wata shidda, ɗaya yana karanta kalmomi, ɗaya kuwa yana hardar allo kawai. Sai a ce na biyun ba shi da ƙwaƙwalwa. Sau da yawa ba haka ba ne. Kunnensa ne bai saba da rarraba magana ba.

Kowace kalma tana da gaɓoɓi. Tuwo gaɓa 2 ne: tu da wo. Makaranta gaɓa 4 ne: ma, ka, ran, ta. Cikin gaɓar tu akwai baƙi t da wasali u. Rubutun boko sautin baki yake bi. Yaron da ya ji sautin t a farkon tuwo da tulu, in aka nuna masa harafin, nan da nan zai riƙe shi. Wanda bai ji ba, zane kawai yake gani.

Sauti guda yana canza ma'ana. Kafa daban, ƙafa daban. Daka daban, ɗaka daban. Shi ya sa Hausa take da haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Yaro ya san bambancin a bakinsa tun yana ƙarami. Aikin malami shi ne ya sa shi ya lura.

Wannan lura ta fi sauƙi cikin harshen da yaro ya tashi da shi. A shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin Faransanci.

Uba ko uwa da ba su yi boko ba suna iya taimakawa. Da dare, bayan tuwo, a faɗi sunan yaro, ya tafa hannu ga kowace gaɓa: Ha-di-za, tafi 3. A ce ya kawo kalmomi masu farawa kamar gero: gemu, gefe, geza. A juya gaɓoɓi kamar yadda ake yi a zaurance: gida ya koma dagi. Waƙoƙin dandali da tatsuniya su ma suna wasa kunne.

Wannan aiki ba ya cin ko dala. Kafin a cire yaro daga lakkwal don an ce ya kasa, a gwada shi da waɗannan wasanni, kuma a je a yi shawara da malaminsa.