Ƙwarya a Bisa Ruwa: Rabon Wuri a Kiɗan Ƙasar Haɗejiya

A 1988 wata makaɗiya Ba'amurkiya, Pauline Oliveros, ta sauka da abokan aikinta biyu cikin wata tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa a jihar Washinton, suka yi kiɗa da busa a ciki, domin amon wurin yakan kai daƙiƙa 45 kafin ya mutu. Tun kafin ita, a 1913, Luigi Russolo na Italiya ya ƙera akwatunan da ba su da aiki sai fitar da ƙara. Turawa suna lissafa waɗannan cikin manyan gwaje-gwajen zamani: mutum ya haɗa abin kiɗansa da hannunsa, ko ya nemi wurin da zai sauya masa murya. Wanda ya san ƙasar Haɗejiya, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, ya san abubuwan nan biyu tsofaffi ne a hannun mata da makiyaya. A wannan fadama wurin da ake kiɗa rabin abin kiɗan ne, kuma duk wanda ya raba su bai adana komai ba.

A fara da kiɗan ruwa. Ranar biki ko suna mata sukan cika masaki ko baho da ruwa, su kife ƙaramar ƙwarya a kai, su riƙa dukan bayanta da 'yan sanduna. Iskar da ta maƙale tsakanin ƙwarya da ruwa ita ke ba da amon nan mai zurfi da ake ji har a ƙirji. In makaɗiya ta ɗan karkata ƙwaryar iska ta fita, murya ta sauya nan take, don haka kafin a fara za ka ga tana ɗagawa tana saukewa har kunnenta ya yarda. A gefenta akwai ƙoren da aka kife a ƙasa, masu busasshiyar murya, su ke yanka kiɗan. Da irin wannan haɗi Barmani Choge ta Funtuwa ta yi suna a amada, Buzayen Nijar ma suna kife ƙwarya a ruwa su raka gangar turminsu. Zaɓen ƙwaryar kansa ilimi ne. A kasuwa ake ƙwanƙwasa ta da yatsa a saurara, kuma wadda ta taɓa tsagewa, ko gyartai ya ɗinke ta da kyau, muryarta ta farko ba ta dawowa.

Shantu ya fi nuna rabon wuri. Dogon duma ne mai baki biyu, mace tana buga gindinsa a cinya tana buɗe bakin sama tana rufewa da tafin hannu. Muryarsa ƙasa-ƙasa ce ƙwarai, a fili iska za ta kwashe ta. A ɗakin ƙasa mai kaurin bango, inda ƙawaye suka kewaye amarya, nan yake cika ya yi daɗi, saboda laka tana shanye kaifin sauti ta bar taushinsa. Lugude kuwa na tsakar gida ne: mata biyu ko uku a turmi ɗaya, ana cilla taɓarya sama a tafa kafin a cafe, ƙasa tana ɗaukar dukan ta kai shi gidan maƙwabta.

A waje kuma kogi ne ke tsara komai. Ruwan Kogin Haɗejiya yakan malale fadama a ƙarshen damina, ya ja da baya da rani ya bar tabkuna da ɗanyar ciyawa, lokacin ne Fulani ke gangarowa da shanu. Yaron da ke kiwo yana busa sarewa a bakin tabki da almuru ya san busarsa za ta tsallaka can ƙetare. Dalili kuwa shi ne iskar da ke daf da ruwa ta fi ta samanta sanyi, sai ta lanƙwaso sautin ƙasa maimakon ya tashi ya ɓace. Shi ya sa masunta ke kiran juna daga nisan da a tudu sai an aika yaro. Bayan kaka kuma, da kara ya bushe, yara sukan feƙe karan dawa su yi abin busa da ba ya wuce 'yan kwanaki. Kakaki da algaita na fada ne, an yi su don fili da taro, a shigar da su ɗakin amarya ba wanda zai zauna.

Za a ce kwatancen nan da Turawa ƙarfin hali ne, tunda su neman sabon abu suke yi da gangan, matan Auyo kuwa gado suka tarar. Akwai gaskiya a ciki: babu mai sayen tikiti ya je sauraren lugude, kuma daka ake yi don a ci tuwo. Amma gadon bai zo da ma'auni ba. Babu ƙwarya biyu masu kauri ɗaya, babu karan da ya yi daidai da ɗan'uwansa, don haka duk wadda ta zauna gaban masaki dole ta gwada, ta saurara, ta gyara. Wasu kuma za su ce rashi ne ya sa, da akwai kuɗi da an sayi fiyano. To, gidajen da ke da halin ɗauko kalangu da maroƙa ba su daina kiɗan ƙwarya a cikin gida ba, saboda kulle ya raba wurin maza da na mata, kuma kayan matan sun dace da girman wurinsu. Ƙyamar da wasu malamai ke yi wa ƙwarya saboda alaƙarta da bori ta rage mata fili, amma ba ita ce babbar matsalar ba.

Babbar matsalar ita ce wuraren ne ke sauyawa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza zuwan ruwa da tafiyarsa, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye tabkunan da dā a buɗe suke, kuma sauti ba ya gudu cikin duhun ciyawa yadda yake yi a shimfiɗaɗɗen ruwa. A cikin gari siminti da rufin kwano sun maye laka da azara, ɗaki ya koma mai ƙara, shantu ya rasa inda zai zauna. Injin niƙa ya rage daka, roba ta kori ƙwarya daga madafi, lasifika ta mamaye biki. An sa dausayin Nguru cikin yarjejeniyar Ramsar a 2000, na Baturiya a 2008, don tsuntsaye da ruwa, kuma hakan daidai ne, sai dai takardar ba ta shafi amo ba. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa a littafinsu na 1971, daga Zariya da Katsina. Mai son yi wa Haɗejiya irin wannan aiki yau ba zai wadatu da kai matan da ke kiɗan zuwa situdiyo a Kano ba. Sai ya ɗauki na'urarsa ya nemi ɗakin ƙasar da ya rage a ƙauye, ya kuma jira rani ya bi makiyaya bakin tabki, ya rubuta wata da lokacin da ya naɗa.